Tsohon karen tsere a Ingila: na gidan riƙo za ka ɗauka, ko na matsugunin ƙungiya?

Duk wanda ya ɗan zauna a Ingila ya taɓa cin karo da irin karen nan a filin shaƙatawa ko a bakin titi. Dogo ne siriri, ƙugu a tsuke, ƙirji mai zurfi, da 'yar rigarsa idan ana sanyi, wani lokaci da takunkumin roba a baki, yana tafiya a natse kamar dole aka yi masa ya fito. Shi ne greyhound, karen tsere. Galibin waɗanda ake gani a hannun mutane ba tun suna kwikwiyo aka saye su ba. Tsofaffin 'yan tsere ne da suka gama aiki aka nema musu gida. Idan yara sun dame ka da maganar kare, ko kai da kanka kana son abokin tattaki, ka kuma ji ana yabon wannan iri da sanyin hali, abu na farko da zai tare ka shi ne inda za ka ɗauko shi.

Manyan hanyoyin biyu ne. Ko dai ka je matsugunin wata ƙungiya, inda karnuka ke jere a ɗakunansu suna jiran mai so, ka duba ka zaɓa. Ko kuma ka nemi wanda ƙungiyar ta riga ta ba wani iyali riƙo, ya yi makonni ko watanni a cikin gida sosai, mai kicin da bene da baƙi. Kuɗin da za ka bayar kusan ɗaya ne, takardun ɗaya ne, karnukan ma fage ɗaya suka baro. Inda aka rabu shi ne yawan abin da za ka sani game da karen kafin ya taka ƙofarka, da kuma wanda zai sha ɗawainiyar makonnin farko. A ganina, wanda bai taɓa riƙe kare ba gara ya nemi na gidan riƙo. Sai dai akwai wani wuri da na riƙon kan zo wa gida irin namu na Hausawa da matsala, kuma ƙungiyoyin ba kasafai suke hango shi ba, domin a wurinsu ba matsala ba ce.

Dalilin da ya sa karnukan suka yi yawa haka tsohon labari ne. Tun ranar 24 ga Yulin 1926 aka fara tseren karnuka a zagayayyen fage a Birtaniya, a Belle Vue da ke Manchester, suna bin zomon roba da inji ke ja, mutane suna caca a kansu. Sana'ar ta yi tashe, yanzu kuma tana ja da baya. Belle Vue ɗin kanta ta rufe a 2020. Masu zaɓe a jihar Florida ta Amurka sun kaɗa ƙuri'ar hana tseren a 2018, New Zealand ta sanar da nata hanin a Disambar 2024, gwamnatin Wales ma ta bayyana aniyar haka a Fabrairun 2025. Amma a Ingila da Ireland ana ci gaba, kuma yawancin karnukan da ke gudu a Ingila a Ireland aka haife su. Kare kan yi ritaya yana ɗan shekara 2 zuwa 5, alhali yana iya rayuwa shekara 10 zuwa 14. Wato dubbai ke fitowa kowace shekara da sauran rabin rayuwa ko fiye a gabansu. Ƙungiyar Greyhound Trust, wadda aka kafa a 1975, ita ce babba wajen nema musu gida, tana da rassa a sassan ƙasar. Akwai Forever Hounds Trust, akwai ƙananan ƙungiyoyi na yanki, kuma manyan gidajen dabbobi irin su Dogs Trust da Battersea su ma sukan samu.

Kafin a gane amfanin riƙo sai an san irin tashin da karen tsere ya yi. Da 'yan'uwansa ya girma, ya daɗe tare da su fiye da yadda sauran karnuka ke yi. Daga nan sai gidan mai horarwa, inda komai da lokacinsa: fita da sassafe, abinci, hutu, motsa jiki, barci. Sau da yawa biyu-biyu ake zuba su a ɗaki. Bai taɓa kwana shi kaɗai ba. Ba wanda ya taɓa taɓa shi yana barci, domin ƙarar ƙofa da takun ma'aikata kan tashe shi kafin a iso. Bai san bene ba, bai san ƙofar gilashi ba, bai san talabijin ko injin wanki ko injin share kafet ba. Wani ma bai taɓa ganin kare wanda ba irinsa ba, don haka idan ya hango ƙaramin farin kare mai gashi yana tsalle a fili, ba lallai ya ɗauke shi a matsayin ɗan'uwa ba.

To ka ɗauko wannan daga matsuguni ka kawo shi gida ranar Asabar. Zai tsaya a ƙasan bene ya dubi matakala kamar bango. Idan kana so ya hau, sai ka tsaya a bayansa, ka kama ƙafar gaba ka ɗora a mataki na farko, ka kama ɗayar, sannan na baya, haka ɗaya bayan ɗaya, kare mai kilo 30 yana kakkarwa a hannunka. Saukowa ta fi haɗari, domin wani zai ce bari ya diro gaba ɗaya. Idan daɓen kicin mai santsi ne, ƙafafunsa za su baje, daga nan ya ƙi sake takawa sai an shimfiɗa masa tsohon kafet. Ƙofar gilashi da ke fita lambu kuwa sai ka manna mata takarda daidai idonsa, in ba haka ba zai hango kurege ya bi ta cikinta. Da dare zai yi ta safa da marwa yana haki, yana kuka ƙasa-ƙasa. A kan titi kuma akwai abin da suka shahara da shi: yana cikin tafiya sai ya ƙame, ƙafa huɗu a kafe, ba gaba ba baya, ja ba ya aiki, lallashi ba ya aiki, sai ya gama duban abin da ya ba shi tsoro. Duk waɗannan suna wucewa, yawanci cikin makonni, domin kare ne mai saurin sabo kuma mai tsabta, tunda ya saba ba ya ɓata makwancinsa. Amma wani ne zai yi wannan aikin. Idan na matsuguni ka ɗauko, kai ne. Idan na riƙo ne, wani ya riga ya yi maka, kuma yawanci wanda ya yi wa karnuka da dama kafin wannan.

Wannan shi ne amfanin da kowa ke ambata, amma ba shi ne babba ba. Babban shi ne labari. Ma'aikacin matsuguni, komai gaskiyarsa, abin da ya gani kawai zai faɗa maka: karen yana cin abinci, yana tafiya da igiya lafiya, ba ya faɗa da abokin ɗakinsa. Bai san yadda zai yi idan aka ƙwanƙwasa ƙofa ba, ko idan aka bar shi awa uku a gida, ko idan yaro ya faɗo masa yana barci, ko daren 5 ga Nuwamba da ake ta harba wasan wuta har tsakar dare. Mai riƙo ya ga duk wannan da idonsa, kuma gani ya kori ji.

Ɗauki maganar kyanwa. Kare ne da aka yi ƙarnoni ana zaɓen iri don ya ga ƙaramin abu na gudu ya bi shi, kuma yana kaiwa kusan kilomita 70 a awa cikin 'yan taku. A matsuguni gwajin da ake yi gajere ne: a sa masa takunkumi da igiya, a nuna masa kyanwa na 'yan mintuna, a ga ko zai kafe ta da ido yana rawar jiki ko zai kau da kai. Gwajin yana fitar da waɗanda ba su da magani, amma wanda ya ci jarrabawar ba tabbas gare shi ba, domin wani tsoron wurin ne ya hana shi motsi. Karen da ya yi wata biyu yana kwana falo ɗaya da kyanwar mai riƙo wani abu ne daban. Ko shi ɗin ma, kyanwar cikin ɗaki daban, kyanwar maƙwabta da ta gifta a guje a lambu daban. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Idan kana da kyanwa ko zomo, ko yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ni ban ga dalilin da za ka yi caca da na matsuguni ba alhali akwai wanda aka gwada.

Maganar yara ta fi muhimmanci a gidan da ake yawan zama a ƙasa. Wasu daga cikin karnukan nan suna firgita idan an taɓa su cikin barci, su zabura su kai cafka kafin su farka sosai, kuma wani yakan yi barci ido a buɗe. Ba mugunta ba ce, tashin da ya yi ne. Kare mai barcin awa 16 ko fiye a rana, a falon da ɗan shekara biyu ke rarrafe, dole ka san ko yana da wannan hali. A matsuguni da wuya a gano. A gidan riƙo mako guda ya isa.

Yanzu ga inda lissafin ke juyawa. Ga Musulmi, maganar ajiye kare ba ta fara daga ƙungiya ba, daga malaminsa take farawa. Hadisin da ke cewa ladan mutum na raguwa kullum idan ya riƙi kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba sananne ne, haka ma wanda ya yi maganar mala'iku da gidan da ke da kare. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a kai, jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai bin umarni ne. Shafi'awa kuwa najasa suka ɗauke shi, don haka maƙwabcinka ɗan Somaliya da ke zuwa cin abinci gidanka ba zai ga abin yadda kake gani ba. Kada kuma mutum ya ruɗi kansa da cewa ai karen farauta ne. Asalinsa haka ne, amma dokar farauta ta 2004 ta haramta sakin karnuka a kan zomon daji a Ingila da Wales. Gadi kuma ba ya yi. Kamanninsa ɗaya da azawak, karen Abzinawa na kwarin Azawak tsakanin Nijar da Mali, amma shi azawak yana tsare zango yana korar baƙo, wannan kuwa ɓarawo zai shigo ya fita bai ɗaga kai daga katifa ba, haushi ma sai jefi-jefi. Hukuncin na malamai ne, kuma masu jin Hausa ba duka Musulmi ba ne. Abin da ya shafi zaɓinmu shi ne cewa ko wanda ya yanke shawarar ɗauka, Musulmi ne ko Kirista, yawanci da sharuɗɗa yake ɗauka: ba shiga ɗakin kwana, ba hawa kujera, ba taka inda ake salla, ba kusantar kwanon abinci.

Ɗaure shi a waje kuma ba mafita ba ce. Fatarsa sirirya ce, gashinsa gajere, kitse kusan babu. Sanyin Janairu zai illata shi, kuma yawancin ƙungiyoyi ba za su ba ka shi ba idan ka ce a lambu zai kwana. Abin da ke yiwuwa shi ne a ware masa wuri a cikin gida, kicin ko zaure ko wani ɗakin ƙasa mai ɗumi, a sa 'yar ƙofar ƙarfe irin wadda ake tare yara da ita.

A nan na gidan riƙo kan ba da ciwon kai. Yawancin masu riƙo masoya kare ne na gani-kashe-ni. Cikin kwana uku karen ya gano kujerar kushin, ya kwanta rigingine ƙafa huɗu a sama, an ɗauke shi hoto an sa a Facebook ana ta yabo. Wani a gadon mai gida yake kwana. Wani an saba miƙa masa faranti ya lashe bayan an gama ci. Karen da ya yi wata uku a haka, ka kawo shi ka ce daga yau iyakarsa ƙofar kicin, zai yi ta kuka da karce ƙofa, kuma yana da gaskiyarsa. Na matsuguni bai san kushin ba balle ya yi kewarsa. Ya saba da ɗan ɗakinsa da makwancinsa, bai iya hawa bene ba, kuma idan ba ka koya masa ba ka huta da gadin ɗakunan sama. Dokar da ka kafa ranar farko ita ce abin da ya sani a matsayin zaman gida. Ga wanda ya ɗauki iyakokin nan da muhimmanci, wannan ba ƙaramar riba ba ce, har tana iya rinjayar duk abin da na lissafa a baya.

Ba wai a fasa na riƙo ba ne. A tambaya ne tun kafin a je gani: a ina yake kwana, yana hawa kujera, yana hawa sama, an taɓa tare shi da ƙofa ya zauna lafiya? Akwai masu riƙo masu tsari, waɗanda da gangan suke hana kare kujera da ɗakin kwana domin ba su san gidan da zai faɗa ba. Kare daga irin wannan hannu shi ne mafi dacewa da mu a cikin duka zaɓin. Nemo shi ne ke buƙatar haƙuri.

Akwai tarko na biyu a rahoton mai riƙo. Gidajen riƙo da yawa suna da nasu karnukan. Idan aka ce maka ana barinsa awa huɗu ba ya damuwa, ka tambaya: shi da wa? Karen da bai taɓa zama shi kaɗai ba tun haihuwa, aka kai shi gidan da ke da wasu biyu, har yanzu bai ɗanɗana kaɗaici ba. A gidanka zai fara, kuma a nan ne ake samun kuka, fitsari a ƙasa, cin ƙofa, da takardar ƙorafi daga maƙwabta. Idan shi kaɗai zai zauna a wurinka, ka nemi wanda aka riƙe shi kaɗai. Ka kuma tambayi dalilin da ya sa aka kai shi riƙo tun farko. Gurbin riƙo kaɗan ne, don haka wasu ƙungiyoyi sukan ajiye shi don wanda ya karye a fage yana jinya, ko tsoho, ko matsoracin da ya kasa jure hayaniyar matsuguni. Zaman gidan riƙo ba shaidar cewa kare mai sauƙi ba ne. Shaida ce kawai cewa akwai wanda ya san shi.

Ta fuskar lafiya, hanyoyin biyu suna farawa daidai: ƙungiya mai mutunci za ta ba ka shi an yi masa fiɗiya, ko an cire mahaifa idan karya ce, an yi rigakafi, an ba da maganin tsutsa da ƙuma, an dasa masa 'yar ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata, wadda doka ta wajabta tun Afrilun 2016. Inda mai riƙo ya fi shi ne ƙananan abubuwan da sai an zauna tare ake gani. Irin wannan kare yana fama da kanta a tafin ƙafa, wata 'yar taurin fata mai zafi da ke sa shi ɗingishi a kan kwalta amma ya yi tafiya lafiya a kan ciyawa. Wanda ke zagaya shi a filin matsuguni zai iya rasa ta, wanda ke bin titi da shi safe da yamma ba zai rasa ba. Haƙora kuwa kowa ya buɗe bakin ya duba da kansa. Wani bincike na Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Royal da ke Landan, wanda aka wallafa a 2019, ya samu kusan kashi 39 cikin 100 na irin waɗannan karnuka da ciwon haƙori da dasashi. Gyaran haƙori sai an sa kare barci, kuɗinsa ba kaɗan ba ne, kuma inshorar lafiyar dabbobi da yawa ba ta biya. Duk inda ka ɗauko shi, ka nemi takardun asibitinsa, domin inshora ba ta ɗaukar ciwon da ya riga ya bayyana kafin ka yi rajista. Ka kuma nemi likitan dabbobi da ya san irin, saboda sakamakon jininsu ya bambanta da na sauran karnuka, kuma akwai magungunan sa barci da jikinsu ba ya saurin fitarwa.

Wani abu da za ka iya yi da kanka, ko wane zaɓi ka yi: ɗaga kunnensa. Akwai haruffa da aka zana a ciki. Haihuwar Ireland yana da su a kunnuwa biyu, haihuwar Ingila yawanci a na dama. Da su, ko da sunansa na tsere, ana iya nemo tarihin gudunsa a intanet. Karen da ke gudu kowane mako sai aka ga ya tsaya kwatsam, ka tambayi abin da ya same shi.

Inda matsuguni ya yi wa riƙo fintinkau shi ne yawa da sauri. Ka je reshe guda ka ga karnuka da dama a yini ɗaya, ka ja wannan ka ja wancan, ka koma mako mai zuwa da iyali. Baƙaƙen maza manya su suka fi daɗewa ba a ɗauka ba, ba don wani aibu ba sai don ido ya fi son mai launi, kuma sau da yawa su ne suka fi natsuwa. Na riƙo kuwa a warwatse suke, wani sai ka yi tuƙin awa uku ka gan shi, masu nema suna da yawa, mai riƙon yana da ta cewa kan wanda za a ba, wani lokaci ma bayan ka sa rai sai ya ce ya fasa, shi zai riƙe abinsa. Kuɗin karɓa a hanyoyin biyu yawanci gudummawa ce ta fam ɗari da wani abu zuwa ɗari uku, gwargwadon ƙungiya, kuma sau da yawa da abin wuya da igiya da takunkumi a ciki. Abin wuyan na musamman ne, mai faɗi ko mai tsukewa idan an ja, saboda kansa bai fi wuyansa kauri ba, na gama-gari zai zare ya bar ka da igiya a hannu.

Akwai hanya ta uku da za ka ci karo da ita: karɓa kai tsaye daga mai horarwa, ko daga tallar intanet, wani lokaci kyauta. Akwai masu horarwa na kirki da suka san karnukansu ciki da bai. Amma idan abu ya ɓaci ba inda za ka mayar, ba lallai an yi fiɗiya ba, ba wanda ya gwada shi da komai. Tun Satumbar 2020 hukumar tseren karnuka ta Birtaniya ta fito da tsarin da ake ajiye wa kowane kare kuɗin ritaya, fam 400 a farkon tsarin, rabi daga mai kare rabi daga hukumar, a biya cibiyar da aka amince da ita idan ta karɓe shi. Wato akwai hanyar da aka tanada, kuma bin ta ya fi maka kariya. Sabon shiga ya bar wannan hanya ta uku.

Ta huɗu ita ce wadda nake ba mai shakka shawara a kai: ka zama mai riƙon da kanka. Ƙungiyoyi da dama suna ba da kare riƙo na 'yan makonni da niyyar idan an dace a mayar da shi naka, kuma a riƙo na sosai yawanci su ke biyan kuɗin asibiti, wasu har da abinci. Ta haka ka samu karen da bai koyi dokar wani gida ba, ka kafa taka, kuma idan uwargida ta ce ba za ta iya ba, ko kakar yara ta zo daga gida ta ce ko ita ko shi, an mayar ba tare da an saɓa alkawari ba. Farashinsa shi ne wahalar makonnin farko taka ce, don haka sai mai hutu ko mai aiki daga gida. Ga mai jariri ko kyanwa, wannan ma ba ta kai wanda aka riga aka gwada ba.

Ko wacce ka bi, za a zo duba gidanka, ko a nemi ka zagaya da waya a nuna musu. Za su dubi shingen lambu, da yawa suna son ya kai ƙafa 5 zuwa 6. Idan haya kake, za su nemi izinin mai gida a rubuce. Mai zama a bene ba lambu ba a rufe masa ƙofa ba, domin karen ba ya buƙatar fiye da fita biyu ta minti 20 zuwa 30 a rana, sai dai fitar fitsari da asuba cikin sanyi tana kanka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ka gaya musu iyakarsa ƙasa, ka gaya musu ana tara mutane ashirin ranar suna ko sallah, ana cin abinci a faranti ɗaya a kan leda a tsakar falo, wasu baƙin kuma suna tsoron kare sosai. Wanda ya ji wannan ya ɓata fuska, ka nemi wata ƙungiyar. Wanda ya ce bari ya duba wane kare ne zai iya kwanciya bayan ƙofa ana walima, shi ne abokin tafiyarka. Ka sani kuma tsayinsa ya kai ya ɗauki nama daga kan tebur ba tare da ya ɗaga ƙafa ba, kuma albasa, inabi, zabibi, cakulan da goro duk guba ne gare shi, ƙashin da aka dafa kuma yana tsagewa a ciki. A waje, igiya da takunkumi a watannin farko. A Ireland ta Arewa ma doka ce tun 1950 cewa irin wannan kare ba ya fita bainar jama'a sai da su. Kusa da tumaki kada ka sake shi ko da wasa.

Saura maganar tafiya gida. Wanda ke zuwa Kano ko Damagaram na wata guda lokacin hutun makaranta dole ya san inda zai bar kare, domin tafiya da shi tsada ce da takardu da gwajin jini na ciwon haukan kare, ga zafin da jikinsa ba ya jurewa. A nan na riƙo yana da wata fa'ida da ba a rubuta a yarjejeniya: sau da yawa tsohon mai riƙonsa yana murnar karɓarsa na ɗan lokaci, gidan da ya sani, mutanen da ya sani. Na matsuguni kuma komawa ɗakin karnuka ba baƙon abu ba ne a wurinsa, kuma wasu rassa suna karɓar tsofaffin karnukansu a kan kuɗi idan an yi magana da wuri. Ka tambayi wannan tun ranar farko, tare da sharaɗin da ke cikin takardar da za ka sa wa hannu, wanda yawanci ke cewa idan ka kasa riƙe shi, ko bayan shekara nawa ne, ƙungiyar za ka mayar wa, ba ka da ikon sayarwa ko bayarwa. Idan shirinka shi ne komawa gida gaba ɗaya nan da shekara uku ko huɗu, ka faɗa musu, ka kuma duba tsofaffin 'yan shekara 8 zuwa 9 ko riƙo na wucin gadi maimakon ɗan shekara 2 da zai iya kaiwa wasu shekara goma.